Yaro Mai Tamowa Yana Zawo, An Hana Ni Ɗaura Masa Ƙarin Ruwa

Tambaya: Ni sabuwar nas ce a wani asibitin karkara. An kawo mana yaro ɗan shekara 2, awon dantsensa santimita 10.8, ƙafafunsa a kumbure, yana zawo, idanunsa sun faɗa. Na ɗauko ledar ƙarin ruwa zan ɗaura, babbarmu ta hana. Uban yana ta faɗa wai mun ƙi taimakon ɗansa. Har yanzu hankalina bai kwanta ba. Anya ba sakaci muka yi ba?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ki je ki yi wa babbarku godiya. Dantsen da bai kai santimita 11.5 ba, ga kumburi a ƙafa biyu, tamowa ce mai tsanani, kuma irin wannan yaro ba a fara masa da leda.

Abin da zai ɗauke shi a daren farko shi ne faɗuwar sikari da sanyin jiki. Ki auna sikarinsa. In bai kai 3 mmol/L a na'urar awo ba, ko babu na'urar ma, ki ba shi mil 50 na ruwan sikari mai kashi 10 cikin ɗari ta baki ko ta robar hanci. In zafin hammata bai kai digiri 35 ba, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su har kai. Sai madarar F-75, wato madarar farko ta masu tamowa, duk awa 2, har tsakar dare, da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da babu zazzaɓi. A kuma shirya tura shi cibiyar kwantar da masu tamowa.

To, maganar ƙarin ruwa. Wallahi na gaji da ita. An mayar da leda maganin komai: gajiya leda, rashin cin abinci leda, har mutum ya ga in ba a rataya masa ita ba, ba a duba shi ba. Mai kemis a bayan kanta zai ɗaura wa yaro leda biyu, ya zuba allura mai launin ɗorawa don iyaye su ga aiki, ya karɓe kuɗinsa. Da asuba su iso mana da yaro yana haki, fatar idonsa ta yi suntum, jijiyoyin wuya sun fito, a ce ai iska ce ta taɓa shi. Babu wata iska, ruwa ne ya cika masa huhu.

Zuciyar mai tamowa ta rame kamar yadda cinyarsa ta rame. Ƙodarsa ba ta iya fitar da rarar ruwa da gishiri, jikinsa kuma dama a cike yake da sodiyam, fotasiyam ya yi ƙasa. Kina sakar masa ruwa ta jijiya, zuciya sai ta gaza. Faɗawar idon da kika dogara da ita, har da yamushewar fata, rama kaɗai tana kawo su. Uwar za ki tambaya: zawon ruwa-ruwa ne? Yaushe idon ya faɗa, jiya ko tun tuni?

In kin tabbatar ruwan jikinsa ya ragu, ReSoMal, ruwan gishiri da sikari na musamman don masu tamowa, za ki ba shi ta baki: mil 5 ga kowane kilo, duk minti 30, na awa 2, kina ƙirga numfashi da bugun jini kowane zagaye. Suka hau tare, ki tsaya. Jijiya sai ga yaron da ya galabaita ko ya suma, hannu ya yi sanyi, bugu ya yi sauri ba ƙarfi, kin danna farce jini bai dawo ba cikin daƙiƙa 3. Ko a nan ma mil 15 ne ga kowane kilo cikin awa guda, kina tsaye a kansa, ba ki ɗaura ki tafi rubuta rajista ba. Lasix, maganin sa fitsari, don kumburi kuwa, kada ma ki fara.

Shi kuma uban, tsoro ne ke sa shi faɗa. Ki ba shi kujera, ki ce: "Baba, zuciyar yaronka ba za ta ɗauki leda ba yanzu, ta baki za mu ba shi kaɗan-kaɗan." Ki miƙa wa uwar kofi da cokali ta riƙa ba shi a gabansa. Ki kuma sa ido da dare, don na sha ganin an sulale da yaro zuwa kemis.