Amsa ga ƙanenmu da ke son kiwon kifin kombatan a Yamai

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari muryarka, ka ce ka ga kifin nan mai dogon jela mai launin ja da shuɗi, wanda ake ce ma kombatan ko betta, ana saida shi cikin 'yar kwalba, kana so ka saya ma ɗiyarka, kuma kana tambaya ko wancan kwanon gilashi mai zagaye ya isa, da irin shukar da za ka sa ciki. To ka yi haƙuri muryar ga za ta ɗan yi tsawo.

Dan Allah kar ka sayi kifin tukuna. Ka bar shi wurin mai saidawa, kifi shi ne abu na ƙarshe da ke shiga akwariyom, wato akwatin gilashin da ake kiwon kifi ciki, kuma zan gaya maka mi ya sa.

Kifin ga asalinshi daga Tailan yake, cikin fadamun shinkafa da ƙananan tafkuna masu ciyawa, har ma a 2019 ƙasar ta maida shi dabbar ruwanta ta ƙasa. Allah ya yi mishi wata gaɓa kusa da kai wadda yake shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa za ka ga yana hawowa saman ruwa yana haɗiyar iska ya koma. To wannan baiwar ita ta ja mishi wahala, don mutane sun ga ba ya mutuwa da wuri cikin kwalba sai suka ɗauka yana jin daɗi. Ba ya jin daɗi wallahi, jurewa kawai yake. Fadamar can ba ta da zurfi amma tana da faɗi, ruwan yana da yawa.

Kuma mu nan Yamai muna da dalili na biyu na ƙin kwanon nan wanda ya fi ƙarfi, zafi. Bidiyoyin da kuke kallo a YouTube mafi yawa mutanen Faransa ne ko Amurka, su damuwarsu sanyi ne, kullum maganarsu a sayi abin ɗumama ruwa. Kifin yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28. Mu kuwa a Afrilu da Mayu ka san yadda garin ga yake, waje ya wuce 40, ɗaki ma in kuran ya ɗauke da rana sai ka ji bango yana huci. Ruwa lita 2 cikin kwano, kafin la'asar ya yi ɗumi sosai, da dare ya sauka, gobe ya sake hawa, wannan hawa da saukar ita ke karya kifin. Amma lita 20 ko 25 ba ya canzawa da sauri haka. Don haka ni ƙasa da lita 20 ba na ba kowa shawara a garin ga. Je wurin masu yanka gilashi ka ce tsawo santimita 40, faɗi 25, tsayi 25, wannan lita 25 kenan, su haɗa maka da silikon, wato gam ɗin liƙe gilashi, amma ka duba kar ya zama irin na banɗaki da ake sa ma maganin funfuna, wannan guba ne ga kifi. In sun gama ka bar shi ya bushe kwana biyu uku, ka cika shi da ruwa a tsakar gida ka ga ko yana yoyo.

Wurin ajewa: ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka da yamma. Ka sayi ɗan tarmometir, abin auna zafin ruwa, wannan bai da tsada kuma shi ne idonka. In ka ga ya kai 30 yana neman wucewa, juya ma saman ruwan wantilater, iskar tana sauke shi da digiri 2 ko 3, sai dai ruwa zai riƙa raguwa ka riƙa cikawa. In babu kuran, ƙaramar gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ka sa ta yi yawo a sama, ƙarama fa, kar ka zuba ƙanƙara tsirara ciki. Lokacin ɗari kuma, Disamba da Janairu, dare yakan yi sanyi sosai, to a nan ne ƙaramin abin ɗumama ruwa zai yi amfani, sauran shekara cire shi ka aje.

Ƙasan akwariyom, yashin kogi ya isa, kamar kaurin yatsa biyu ko uku, amma a wanke shi cikin bokiti har sai ruwan ya fito fes, kuma ba sabulu, ko kaɗan, bokitin ma a ware mishi nashi. Duwatsu ka ɗiga musu ruwan lemun tsami, in ka ga suna kumfa to farar ƙasa ce a ciki, kar ka sa su. Mutanenmu na Adar su kula da wannan, duwatsun wajen Malbaza irinsu ne ake yin siminti da su. Kuma duk dutse ko ice mai kaifi kar ya shiga, jelar kifin ga ta fi mayafi laushi, da ta taɓa ta yage.

Sai shuka, nan ne daɗin abin. Ni wadda na fi so ita ce anubiyas, kuma abin sha'awa asalinta daga yankinmu na Afirka take, ana samunta a rafukan kudancin Najeriya da Kamaru. Ganyenta kauri gare shi, ba ta son haske da yawa, ba ta saurin girma. Sirrinta guda ne, tana da wata kara a kwance wadda ganye da saiwa ke fitowa jikinta, in ka binne karar cikin yashi ruɓewa za ta yi. Ɗaure ta za ka yi da zare jikin dutse ko ice, bayan 'yan makonni saiwar ta kama da kanta. Haka ma wata shukar ruwa da ake ce ma fujer ta Jaba, ita ma ɗaurewa ake. Ka sa ganye guda mai faɗi ya zo kusa da saman ruwa, za ka ga kifin ya zo ya kwanta bisa shi yana hutawa, ɗiyarka za ta ce maka ya mutu, barci yake.

In ba ka samu waɗannan ba kar ka damu, muna da kainuwa. Kainuwa dashen Allah, tana yawo a saman ruwa, saiwarta na sauka ƙasa, kifin yana son ɓuya cikinta, kuma tana tsotse dattin ruwa fiye da yadda kake zato. Sai dai in daga bakin kogi ta fito, a aje ta cikin bokiti daban mako biyu ana canza ruwa, a cire dodon koɗi da matsattsaku da ke maƙale, ka san dodon koɗin kogi shi ke ɗauke da tsargiya, kar ka tura yara su shiga ruwa don ɗebo ta. Kuma kar ta rufe saman gaba ɗaya, bar mishi rabi a buɗe don ya samu wurin shaƙar iska. Murfi dole ne don yana tsalle, amma ka yi shi da raga irin ta taga, ta fi gilashi a zafin ga, kainuwa ma ba ta son raɓar gilashi na ɗigo mata. Fitila, ƙaramar LED, awa 6 zuwa 8 a rana, in ka wuce haka gansakuka ta cika gilashin.

Yanzu ga dalilin da na ce ka jira. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma tana ƙona mishi jiki da wurin numfashi. Akwai wasu bakteriya masu amfani da ke maida ta nitirit, wasu su maida nitirit ɗin nitirat, wanda shuka ke ci. Sabon akwariyom ba shi da su, sai sun tsiro a jikin soson filtir, wato abin tace ruwa, da yashi, kuma yana ɗaukar mako 4 zuwa 6. To ka zuba ruwa, ka dasa shuka, ka kunna filtir, kowane kwana biyu ka jefa ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe ya ciyar da su, ka yi haƙuri. In wani ɗan gurup mai tsohon akwariyom ya matse maka sosonshi ciki, lokacin zai ragu sosai. Filtir ɗin ya zama na soso mai ɗan pompin iska, a hankali, don ruwa mai ƙarfi yana gajiyar da shi da wannan dogon jelar. Soson in ya yi datti a matse shi cikin ruwan da ka ɗebe daga akwariyom, ba a bakin robine ba.

Ruwan robine namu daga kogi ake tace shi a Gudel, ana sa mishi kulor don lafiyarmu, amma kulor na kashe kifi da bakteriyar nan duka. Ka sayi maganin cire kulor, in babu, cika bido ka bar shi a buɗe a inuwa kwana guda ko biyu. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo ka maida sabo mai ɗumi daidai da na ciki, ba wanda ya kwana a rana ba.

Wani abu da bidiyo ba za su gaya maka ba, maganin sauro na fesawa. Wannan yana kashe kifi nan take. In za a fesa ma ɗakin, kashe pompin iska, rufe akwariyom ruf da leda ko zane, sai warin ya fita a buɗe. Ka gaya ma uwargida, ita ce ke gida.

Namiji guda kawai a ciki, biyu sai ɗaya ya kashe ɗaya. Abinci 'yan ƙwayoyi 3 ko 4 na irinshi, safe da yamma, ba burodi ba shinkafa, mai cin ƙwari ne, kuma ka aje gwangwanin inda hannun yarinya ba ya kai, don yara da tausayi sai su juye mishi duka. In an kula yana kai shekara 2 zuwa 4.

Ka ɗauko mini hoton wurin da kake son aje shi, da rana tsaka za ka ɗauka in ga inda haske ke shigowa. Anubiyas ɗina ta yi 'ya'ya, in ka shirya gilashin ka biyo ka karɓi guda biyu da ruwan soso. A gaida mutanen gida.