Amsa Kan Yadda Indiyawa Ke Kula da Fatar Jariri

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya bin hanyar gargajiya ta Indiyawa wajen kula da fatar jaririnki. Wani sashe nata yana da amfani, wani kuma gara a bar shi.

Ginshiƙin al'adar a tsarin maganinsu na Ayurbeda shi ne tausa da mai kafin wanka. Uwa ko kaka takan miƙe ƙafafunta, ta kwantar da jariri a kansu, ta ɗumama mai a tafin hannu, sannan ta bi gaɓoɓinsa a hankali. A kudancin ƙasar, kamar jihar Kerala, man kwakwa ake amfani da shi, kuma shi na fi amincewa da shi, domin ba shi da kaifi. A arewa kuwa an fi shafa man mastad, wato man 'ya'yan wani tsiro mai yaji, wanda bincike ya nuna yana raunana fatar sabon haihuwa, musamman bakwaini.

Suna kuma goge jiki da kwaɓin garin wake da kurkur, amma ina ganin gogar ta yi wa fata mai taushi yawa. Ganyen darbejiya, bishiyar da asalinta daga can ne, suna tafasa shi a ruwan wanka saboda ƙurajen zafi. Sai dai kada man 'ya'yanta ya shiga bakin jariri, domin guba ne gare shi. Kwallin da suke sa wa jarirai, kamar namu, sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda ita ma guba ce.

Ki fara gwada man kwakwar a ɗan wuri a hannun jaririn, kada ya taɓa cibiya kafin ta warke. Idan ƙuraje sun yi ruwa ko zazzaɓi ya biyo baya, ki kai shi asibiti.