Hukuncin Azumin Soja Mai Hawan Jini

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni soja ne a barikin Shadawanka da ke Bauchi. Ina da hawan jini, ina shan amlodipine da wani magani mai sa fitsari. Mukan wuni a rana a shingen bincike. Ko zan iya ajiye maganin har bayan Ramadan?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, ajiye maganin bai halatta ba. Sau da yawa hawan jini ba ya nuna alama sai ya taɓa ƙoda ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ga shi kana riƙe da bindiga, rayukan jama'a na hannunka.

Hawan jini shi kaɗai bai isa uzurin shan azumi ba. Wanda awonsa ya daidaita ƙasa da 140/90, azumi ya wajaba a kansa, lokacin shan magani kawai zai sauya. Amlodipine sau ɗaya ake sha a rana, ana iya shansa da sahur ko da buɗa-baki. Na fitsarin ne ke da matsala. In ka sha da sahur ka shiga rana da sulke, zai zuƙe maka ruwan jiki, jini ya faɗi, jiri ya ɗebe ka. Ka je wurin likitan bariki kafin a ga wata, shi zai ce a mayar da shi buɗa-baki ko a canza shi. Awon jini ba ya karya azumi. Ka rage gishiri da dunƙule, ka guji diclofenac, maganin ciwon jiki, don yana ɗaga jini.

In awo ya kai 180/120, ko ka ji ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko hannu ya yi nauyi, ka sha azumin, a kai ka asibiti nan take. A mazhabar Malikiyya, shan azumi wajibi ne ga wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Daga baya ka rama, kamar yadda aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta ce.

In kuwa an tura ku fagen daga, Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id cewa a tafiyar buɗe Makka Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su sha azumi da za su wayi gari gaban abokan gaba, don ya fi ba su ƙarfi. Gadin shinge a cikin gari bai shiga wannan hukuncin ba.

Wallahu a'alam.