Ya Fara Ɗaga Ƙafa a Jikin Labule: Me Zan Saya, Me Zan Bari?

Tambaya: Malam, ina da kare namiji ɗan wata takwas. Tun yana wata huɗu ya gane fita waje, har bakin ƙofa yake zuwa ya tsaya idan fitsari ya matse shi. Makonni uku ke nan ya ɓullo da sabon hali. Ya ɗaga ƙafa a jikin labule, ya ɗiga a ƙafar kujera, shekaranjiya har jakar baƙuwata bai bari ba, kunya kamar in nutse. Na wanke da bilic, na fesa turaren ɗaki, washegari ya koma daidai wurin. Maigidana ya ce a kai shi a fiɗiye kawai, ƙawata ta ce in sayi ɗamarar da ake ɗaura musu a ciki, wani kuma ya ce keji. Kuɗina ba zai kai duka ba. Wanne zan fara saya?

Amsa: Malama, kafin ki ciro ko sisi, ki lura da yawan fitsarin da kuma inda yake sauka. Idan ɗan kaɗan ne, kamar cokali ɗaya ko biyu, a jikin abin da ke tsaye, kuma da ya fita waje sai ya yi mai yawa kamar yadda ya saba, to karenki bai manta tarbiyyarsa ba. Balaga ce ta zo. Yawancin karnuka maza suna balaga tsakanin wata 6 zuwa 12, manyan jinsi su ɗan fi haka jinkiri, kuma a lokacin ne suke fara ɗaga ƙafa suna barin shaida. A wurinsa wannan ɗigon saƙo ne ga duk karen da zai shinshina: namiji ne ya wuce nan, kuma ya kai. Jakar baƙuwarki ta shigo da ƙamshin wani gida, wataƙila ma na wata dabba, shi ya sa ya sa mata hannu.

Amma idan kin ga yana yawan tsugunno ko ɗaga ƙafa yana nishi, abu kaɗan na fita, ko fitsarin ya yi ja, ko yana yawan lasar gabansa, ko shan ruwansa ya ƙaru sosai, ko kin tarar ya jiƙa shimfiɗarsa cikin barci, wannan maganar likitan dabbobi ce. Cutar mafitsara da tsakuwa a cikinta suna kawo irin haka, kuma gwajin fitsari ɗaya kan raba gardama. Kare namiji da ke ta yunƙuri fitsari ya ƙi fita sam, a kai shi a ranar, kada a kwana.

Mu ɗauka lafiyarsa ƙalau. Abin da za ki fara saya shi ne ruwan wankin da ke ɗauke da enzayim (wani sinadari mai narkar da ƙazanta), wanda aka yi musamman don fitsarin dabbobi. Ki duba jikin kwalbar ki ga an rubuta enzayim ɗin, kada hoton kare mai murmushi ya ruɗe ki. Dalili kuwa hancinsa ne. Mu 'yan Adam ƙwayoyin jin ƙamshi da ke hancinmu miliyan 5 zuwa 6 ne, na kare kuwa sun haura miliyan 100, wasu jinsin har kusan miliyan 300. Kin wanke, kin shinshina, kin ji babu zarni, kin ce an gama. Shi kuwa da ya shigo falon, wurin na kiransa da babbar murya. Sabulu da turare suna rufe warin ne a hancinki, enzayim kuwa yana narkar da ragowar fitsarin da ta maƙale a zaren kafet da cikin katako, ta yadda ba abin da zai saura ya shinshina.

Yadda ake amfani da shi ne mutane ke kuskurewa, sai su ce bai yi aiki ba. Ki fara danna tsumma busasshe a wurin ya tsotse, kada ki goga, don gogawa na tura fitsarin ciki. Sannan ki zuba ruwan da yawa, ya jiƙa har inda fitsarin ya kai, ya kuma zarce gefensa da kamar faɗin tafin hannu, saboda abin da ya bazu a ƙarƙashin kafet ya fi wanda ido ke gani. Ki bar shi iya lokacin da aka rubuta a kwalbar, sannan ya bushe da kansa. Tsohon tabo kan buƙaci sau biyu ko uku. Kada ki sa ruwan zafi ko na'urar wanki mai tururi, zafi na kama warin ya zaunar da shi. Ki kuma gwada a wata kusurwa da ba a gani tukuna, kada ya cinye launin kujerar.

Bilic ɗin nan ki ajiye shi. Idan ya haɗu da amoniya, wadda ke tashi daga fitsarin da ya kwana, iska mai cutar da ido da huhu ce ke fita, kuma idan ragowarsa na wurin zai kashe enzayim ɗin da kika sayo. Duk wani ruwan goge-goge mai amoniya ma haka, ga hancin kare warinsa ɗan'uwan fitsari ne, kin ga kin gayyace shi ke nan da kanki.

Idan da ɗan canji, ki haɗa da ƙaramar tocila mai hasken ultrabayolet. Ki kashe fitilu da dare ki bi gindin bango da ita, busasshen fitsari zai yi haske ɗorawa-ɗorawa. Ranar da na fara haska irinta a falona, wuri biyu na sani, na tarar da bakwai, har da bayan akwatin talabijin inda ban taɓa zaton zai iya kutsawa ba. Sai dai ki sani, ragowar sabulu da wasu abubuwan ma suna haske, don haka ki haɗa da naki hancin.

Abu na biyu ba ya cin kuɗi sosai, amma yana cin haƙuri. Makonni uku zuwa huɗu masu zuwa, ki mayar da shi kamar sabon ɗan kwikwiyo. Ɗakunan da ya ɓata a rufe su. Idan yana cikin gida, ya kasance idonki na kansa, ko igiyarsa na ɗaure a kusa da ke. Za ki gane lokacin da zai yi: ya daɗe yana shinshina wuri ɗaya, sannan ya jera jikinsa da abin, gefe da gefe. Nan take ki tafa hannu ko ki kira sunansa, ki fita da shi, in ya yi a waje ki yabe shi ki ba shi lada kafin ku dawo ciki. A wajen ma ki bar shi ya zagaya ya ɗaga ƙafa sau uku sau huɗu, don mai barin shaida ba ya juye mafitsararsa a tashi ɗaya, yana rage guzuri. Jakar baƙo da takalma da duk sabon kaya kuwa a ɗaga su sama.

Keji yana da amfani na sa'o'in da ba kya nan, saboda kare ba ya son ɓata makwancinsa. Ki sayi wanda zai iya miƙewa tsaye a ciki, ya juya, ya kwanta a sake. Idan ya yi girma da yawa zai kwana a kusurwa ɗaya ya yi fitsari a ɗayar. Idan kuɗin bai kai ba, ƙaramin ɗaki mai tayil da ba labule ba kujera zai wadatar. Maganar fiɗiyar da maigida ya kawo kuwa, ga ta a amsa ta gaba.

Tambaya: Nawa karen jinsin Jamus ne irin na 'yan sanda, watansa bakwai. An ce min da an fiɗiye shi zai daina fitsari a ɗaki. In kai shi yanzu, ko in jira?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka haka ya faɗi rabin gaskiya. Fiɗiya na rage sinadarin namiji a jini, kuma tana rage wannan halin a karnuka da yawa. Wani bincike da aka buga a 1997 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, ya nuna cewa a wajen kashi 60 cikin 100 na karnukan da aka fiɗiye, barin shaida ya ragu da rabi ko fiye, amma waɗanda suka kusan dainawa gaba ɗaya ba su kai rabi ba. Ke nan akwai waɗanda aka yi wa aikin suka dawo gida suka ci gaba da ɗaga ƙafa, musamman idan tsohon zarnin na nan a kafet, ko kuwa abin da ke sa su yi fargaba ce, kamar sabon mutum a gida ko ƙaura.

Ga naka karen akwai wani abin dubawa. Wannan jami'ar dai ta fitar da nazari a 2020 kan jinsin karnuka 35, inda aka ga cewa a wasu manyan jinsi, ciki har da irin naka, fiɗiya kafin shekara ɗaya na tafiya da ƙarin matsalar gaɓoɓi, irin su kwatangwalo da jijiyar gwiwa. A ƙananan karnuka ba a ga hakan sosai ba. Sinadarin namiji na cikin abin da ke gaya wa ƙashi lokacin da zai daina tsawo, cire shi da wuri na sauya yadda ƙafafun ke ginuwa. Ni dai ba zan sayar da gwiwar kare don labule ba. Ka yi aikin wanki da tsaro na wata guda, ka zauna da likitanka ku tsayar da lokacin da ya dace da jinsinsa.

A wasu ƙasashe akwai wani ɗan magani kamar ƙwayar shinkafa da ake dasawa a ƙarƙashin fata, sunansa Suprelorin, wanda ke danne sinadarin na wata 6 ko 12, gwargwadon ƙarfinsa, sannan ya sake. Amfaninsa shi ne ka ga yadda karen zai kasance kafin ka yanke hukuncin da ba ya komawa. A makonnin farko sinadarin kan ɗan hau kafin ya sauka, don haka halin zai iya ƙaruwa na ɗan lokaci. Ka tambayi likita ko ana samunsa a inda kake.

Wata tambaya da ba ka yi ba: akwai karya a maƙwabta da ta shiga lokacin barbara? Idan akwai, ka yi ta haƙuri na kimanin makonni uku, ka kuma rage barin tagar da ke kallon wajen a buɗe.

Tambaya: Ɗamarar ciki fa? Ta wankewa zan saya ko ta yarwa?

Amsa: Ɗamarar ƙyalle ce da ake naɗa wa karen a ƙugu ta rufe gabansa, da abin tsotse ruwa a ciki. Tana kare kaya, amma ba ta koya masa komai, zai ɗaga ƙafar ya yi abinsa a ciki. Tana da rana idan za ku je gidan mutane ko baƙi za su cika gida. Idan amfanin yau da gobe ne na ɗan lokaci, ki sayi ta wankewa guda uku, ɗaya a jiki, ɗaya a shanya, ɗaya a ajiye. Ki auna ƙugunsa da tef a daidai gaban ƙafafun baya kafin ki saya, kada ki bi nauyi. Ki riƙa dubawa duk bayan sa'a uku ko huɗu, da ta jiƙe a cire a goge masa wurin ya bushe, don fitsari in ya daɗe a fata yana saɓule ta. Kuma a cire idan za a fita da shi waje, wannan mantuwar ta kama mutane da yawa.

Tambaya: Na ga ana tallar feshin da ke korar kare daga wuri, da kuma abin wuya mai jan lantarki. Suna aiki?

Amsa: Feshin, in ma ya yi aiki, zai matsar da shi ne daga wannan ƙafar kujerar zuwa waccan. Abin wuyan kuwa kada ka saya. Karen da aka ja wa lantarki, ko aka doka, ko aka dangwara masa hanci a fitsari, abin da yake koya shi ne kada ya yi a gabanka. Sai ya koma yi a bayan gado, kuma ranar da ka fita da shi waje ya ƙi yi don kana tsaye. Idan ka tarar da ɗigon bayan an gama, ka wanke kawai. Sunkuyar da kan da yake yi idan ka ɗaga murya, tsoron fuskarka ne, bai haɗa shi da abin da ya yi ɗazu ba.

Akwai kuma na'urar da ake sakawa a soket, irin Adaptil, mai fitar da kwaikwayon ƙamshin da uwa mai shayarwa ke fitarwa don kwantar wa 'ya'yanta hankali. Wasu karnukan da fargaba ke damu suna samun sauƙi da ita, wasu ko a jikinsu. Ka sa ta a ƙarshen lissafi.

Tambaya: Nawa ɗan wata biyar ne. Duk na dawo daga aiki sai ya rugo yana kaɗa wutsiya, ya kwanta rigingine, fitsari na zuba. Me zan saya masa?

Amsa: Ba abin da za ka saya, Malam, wannan ba barin shaida ba ne. Murna ce da ladabi suka haɗu a mafitsarar da ba ta gama ƙwari ba, kuma bai ma san yana yi ba. Idan ka shigo, kada ka kalle shi ido cikin ido, kada ka sunkuya a kansa, kada ka ɗaga murya ko da ta wasa ce. Ka wuce kai tsaye ka buɗe masa ƙofar waje, ku gaisa a can bayan ya yi. In za ka shafa shi, ka durƙusa ta gefe ka shafa ƙirjinsa maimakon kansa. Ka roƙi baƙi su yi haka su ma. Yawancinsu suna dainawa kafin su cika shekara, in kuwa ya wuce nan yana yi, ko ka ga yana ɗiga ko da ba kowa a kusa, ka kai shi a duba.