Tarkon watch bai ga ɓarawona ba

Ƙanena na Marwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da ya same ni ke nan bara. Ka ce wani bariyabul (gurbin da manhaja ke ajiye lamba) yana canjawa da kansa a kan cif ɗin STM32F103, ka sa masa watch (tarkon da ke tsayar da manhaja idan aka taɓa gurbin) a GDB, kayan aikin bin sawun kurakuran manhaja, amma ko dai allon da cif ɗin ke kai ya koma tafiyar hawainiya, ko tarkon ya yi shiru alhali lambar ta lalace.

Na ƙera wa wani mai lambun albasa a bakin Binuwai, nan Garwa, na'urar da ke kashe famfon sola idan ruwa ya yi ƙasa. A teburina lafiya lau. Kwana tara da kafawa, cikin zafin Afrilu, famfo ya yi ta juyawa babu ruwa har ya ƙone. Mutumin nan bai kira ni gefe ba. A gaban leburorinsa ya ɗaga allon sama yana cewa yaran yanzu karatun banza suka yi, ya wurga mini shi a ƙasa. Na durƙusa ina tsintarsa cikin laka, wani yaro yana dariya. Ragowar kuɗina bai biya ba har yau, ya kuma bi masu lambun da ke kusa yana ɓata mini suna. Wallahi ko yanzu idan na bi ta hanyar nan a babur sai na ji ɗaci a maƙogwaro.

Sati biyu ina ɗana tarko a kan lambar iyakar ruwa, ta ST-Link da OpenOCD, na'ura da manhajar da ke haɗa GDB da cif ɗin. Ko sau ɗaya bai kama ba, ga lamba kuma tana komawa shirme. Ashe DMA ne, sashen cif da ke kwasar bayanai da kansa ba tare da bi ta ƙwaƙwalwar cif ɗin ba. Tarakunan nan suna cikin sashen sa ido mai suna DWT, abin da Cortex-M3, wato ƙwaƙwalwar cif ɗin, ya karanta ko ya rubuta da kansa kawai suke gani. DMA kuwa da ƙafarsa yake zuwa RAM, inda bariyabul ke zaune, ba ya bi ta ƙofar maigadin. Ni na tsara masa rubutu na bit 32, ma'ajiyar ADC ɗina (sashen da ke mayar da awo zuwa lamba) kuwa ta bit 16 ce, sai ya riƙa cin ninki biyu na wurinsa yana taka maƙwabcinsa, wato lambar iyakar ruwa. Don Allah buɗe fayil ɗin map, mai nuna inda kowane bariyabul yake a RAM, ka duba wa ke zaune kafin bariyabul ɗinka. Ka kashe DMA na ɗan lokaci ka gani ko ɓarnar za ta tsaya.

Batun tafiyar hawainiya kuma, karanta amsar da GDB ya ba ka lokacin da ka sa watch. In babu kalmar Hardware a farkonta, to bin umarni ɗaya bayan ɗaya yake yi ta waya yana dubawa, shi ya sa allon kamar ya mutu. Tarko 4 kacal gare ka a wannan cif ɗin, a ƙanensa Cortex-M0 ma 2 ne. Goge tsofaffi. Kada ka ɗora shi a kan ƙaton tsari mai gurabe da yawa, zaɓi gurbi ɗaya mai bayit 4 ko ƙasa. In bariyabul ɗin na cikin wani aiki (function) ne kawai, yi amfani da watch -l, in ba haka ba GDB zai cire shi da zarar an fita daga aikin. Kuma in ya kama, yakan tsaya ne bayan rubutun ya wuce, sai ka duba layin da ke sama.

Wani abu, kada ka sake ka kafa wa kowa na'ura ba ka karɓi rabin kuɗi ba, kuma ka sa filota (makunnin da ke yawo a kan ruwa) ta daban mai yanke wuta ko da manhaja ta haukace. Da na yi haka da famfon nan yana aiki. Turo mana fayil ɗin map da saitin DMA ɗinka, bayan Isha'i in akwai wuta zan duba maka.