Kafin ka ce wa Bajapane "yabai"

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce ka samu gurbin karatu a Japan, a watan Afrilu za ka tashi, kuma Japanancin da kake koya a littafi bai yi kama da wanda kake ji a bakin matasansu a katun da bidiyo ba, shi ya sa kake son a faɗa maka kalmomin da suke nuna murna da mamaki da haushi da su. Allah ya sanya alheri a tafiyar. Na zauna a Osaka daga 2016 zuwa 2021, ina karatu, ina kuma taɓa aikin wucin gadi a wani wurin haɗa abincin kwali, cikin awa 28 ɗin da doka ta yarje wa ɗalibi a mako. Rabin abin da zan faɗa maka a bakin abokan aikin nan na tsince shi.

Kalmar da za ta fara cika maka kunne ita ce yabai. A watannina na farko, 'yan ɗakin bincikenmu suka shirya ɗan zama, kowa ya zo da abincin garinsu. Na yi miyar gyaɗa da kaza da farar shinkafa. Wani yaro ɗan shekara 22 ya kai cokali ɗaya baki, ya rumtse ido, ya ce "yabai!" Gabana ya faɗi, domin ƙamus ɗina ya ce ma'anarta haɗari. Na ɗauka yaji ne ya yi masa yawa, har na miƙa masa ruwa. Bai ko kalli ruwan ba, ya ja tukunyar gabansa ya ƙara. Santi yake yi.

Ita dai wannan kalma na sake ji ranar Litinin 18 ga Yuni 2018, kwana uku bayan ƙaramar salla, ana gab da ƙarfe takwas na safe, lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa arewacin Osaka. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa, ƙasa ta yi wani irin tsalle a ƙarƙashin ƙafata, wayoyin mutane suka ɗauki ƙara a lokaci guda. Wata yarinya cikin kayan makaranta ta durƙusa kusa da ni, ta ɗora jakarta a ka, tana ta maimaita "yabai, yabai, yabai" da ƙaramar murya tana rawa. Har yau in na ji kalmar sai muryar yarinyar nan ta dawo mini.

Ka ga kalma ɗaya, santi da firgici. Kada abin ya ɗaure maka kai, mu ma muna da irinsa. In Bahaushe ya ce yaron nan ya iya ƙwallo bala'i, ko abincin nan ya yi mugun daɗi, ko yarinyar tana da masifar kyau, ai babu bala'i ko masifa a wurin. Haka yabai ta taso daga bakin ɓarayi da 'yan daba da ma'anar "akwai matsala", matasa suka ɗauke ta suka mayar da ita ta yabo. Hukumar Kula da Al'adu ta Japan tana binciken yadda mutane ke amfani da harshe duk shekara. A na 2014, kusan kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka tambaya ne suka ce suna faɗin yabai da nufin yabo, amma a cikin 'yan shekara 16 zuwa 19 abin ya haura kashi 90. Saboda haka in ka faɗa wa dattijuwar da ta ba ka abinci, mai yiwuwa ta ɗauka ya lalace ne. Ita oishii desu, wato yana da daɗi, za ka ce mata.

Na mamaki ba su da wuya. Maji de? shi ne "da gaske?" Uso! ma'anarta ƙarya, amma kamar yadda abokinka zai ba ka labari ka ce "kai, ƙarya!" ba don ka ƙaryata shi ba. Sugoi ta abin burgewa ce, samari kan murɗe ta su ce sugee, kamar yadda suke mayar da yabai ta koma yabee. In abu ya zo musu ba zato, sai su datse wutsiyar kalmar su tsayar da numfashi: samui, sanyi, ta koma samu'!, itai, zafin ciwo, ta koma ita'! A Osaka za ka ji honma a madadin hontō, wato gaskiya, da akan wato bai yiwuwa ko babu kyau, da meccha wato ƙwarai, wadda daga yankin ta fito ta bazu ƙasar duka. Ch ɗin nan c ɗinmu ne, kuma ka ninka shi kamar yadda kake ninka na "cacca". A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, domin kunnenmu ya saba da dogon wasali da gajere da ninkin baƙi, kuma Japananci a kansu ya dogara.

Amma in za ka ji shawarata, kafin duk waɗannan ka koyi amsa magana. Suna kiran abin aizuchi, kuma daga maƙera kalmar ta fito: maigida ya buga guduma, yaronsa ya buga, a jere, ƙarfe na zafi. Haka suke ɗaukar hira. Mai magana ya faɗi rabin jimla ya ɗan dakata, kai kuma ka buga taka gudumar: un, un, ko sō nan da, ko hee mai tsawo da murya tana hawa in abin sabo ne a gare ka. Mu ma mun san wannan. Wa zai zauna gaban dattijo yana ba shi labari ba ya cewa "na'am", "haka ne", "ikon Allah"? Bambancin kawai su nasu ya fi namu yawa nesa ba kusa ba. Akwai wata baiwar Allah da muke tsayawa kusa da juna a layin zuba shinkafa, ta haura sittin. Makonnin farko tana yi mini hira ina shiru ina sauraro, don a tarbiyyarmu ba a katse babba. Kwatsam sai ta daina yi mini magana. Abin ya dame ni ƙwarai. Sai wani ɗan Nepal da ya riga ni daɗewa ya ce mini shirun nan nawa ta ɗauke shi a matsayin ba na son hirarta. Washegari da ta fara labarin jikanta na ce "hee, sō nan desu ka!" Ta juyo ta dube ni, idanunta suka yi dariya a saman takunkumin. Daga ranar har na bar wurin, ba ta taɓa zuwa aiki ba ta kawo mini alewa a aljihu ba. Kuma ka riƙe wannan: in Bajapane yana ta ce maka hai, hai, cewa yake ina jin ka, bai ce ya yarda ba.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi, wato wa kake gaya wa. Harshensu hawa-hawa ne. Akwai maganar sa'a da sa'a, akwai ta girmamawa da suke kira keigo, kuma wanda ya riga ka shiga makaranta ko wurin aiki ko da shekara ɗaya ne, senpai ɗinka ne, yana da haƙƙin ladabi a kanka. Na taɓa yin kuskuren nan a gaban malamina. Ya gaya mini an karɓi takardar da muka aika wani taro, murna ta kwashe ni na ce "maji de?!" Ɗakin ya yi tsit. Shi bai ce komai ba, ya yi murmushi ya ci gaba da bayani. Bayan an tashi wani senpai ya ja ni gefe ya fahimtar da ni a hankali. Ka ƙaddara aminin mahaifinka ya yi maka albishir ka ce masa "rantse!" Ga malami, hontō desu ka ake cewa. Ga senpai da kuka saba akwai tsaka-tsaki, maji ssu ka, inda ake matse desu ta koma ssu. Ko naruhodo, wato "na gane", da littattafai ke koyarwa, wasu manya ba sa son jin ta daga na ƙasa da su, domin tana kama da kana auna maganarsu ne.

Abin da kake ji a katun kuwa, don Allah ka yi hattara da shi. Temee da kisama, wato "kai" cikin raini, kalmomin neman faɗa ne, a shekara biyar ban ji mai hankali ya faɗe su ga wani a fili ba. Omae, ita ma "kai" ce, tana yiwuwa tsakanin abokai maza na ƙut da ƙut, amma ba kai baƙo za ka fara ta ba. Har zagin wasa ma yana da gari, kamar aho da baka, duk "wawa" suke nufi: a Osaka aho kusan taɓa juna ce ta raha, baka ita ce mai ciwo, a Tokyo kuma abin ya juya.

Na haushi ka san su don ka gane, ba don ka yi ta faɗa ba. Mukatsuku, asalinta tashin zuciya, yanzu tana nufin abu ya ƙular da kai. Mendokusai ita ce abin da ya zame maka wahala kake jin ƙyuya, darui kasala. Waɗannan da sauƙi. Amma uzai, mai takura, da kimoi, abin ƙyama, wadda aka gutsuro daga kimochi warui, suna cikin kalmomin da yara ke cin zalin juna da su a makarantu, kuma suna barin tabo. Ka ce wa kyankyaso kimoi, kada ka ce wa ɗan Adam.

Sau da yawa ma Bajapane ba zai fito ya ce abu bai yi masa ba. Zai ce bimyō, wato dai ga shi nan, ko ya ce chotto ya ja ta ya yi shiru. In ka gayyaci mutum ya ce chotto, a'a ce, kada ka matsa. Daijōbu desu ma, in ka miƙa wa mutum abu ya faɗe ta, "na gode, bar shi" yake nufi. Ni wannan bai ba ni wahala ba, kuma na san kai ma ba zai ba ka ba. Wanda ya tashi cikin kara da kawaici ya san yadda ake ƙin abu ba a ce an ƙi ba.

Waɗanda na fi so a harshen duka su ne masu kama da amsa-kamarmu. Yadda muke cewa gabana na ɗar-ɗar, ko ya yi jugum, ko na ji wasai, haka suke da doki doki, bugun zuciya na fargaba ko na so, da waku waku, ɗokin abin da ke tafe, da ira ira, ƙuluwar da ke cin mutum a hankali, da moya moya, abin nan da ke tokare maka rai ka kasa gane kansa. Kyawunsu shi ne ba na 'yan zamani kaɗai ba ne. Ka ce wa malaminka doki doki shimasu kafin ka gabatar da aiki, babu laifi ko kaɗan, sai ma ya ji ka kusa da shi. Kuma za su yi maka rana a asibiti, domin likita zai tambaye ka irin ciwon: zuki zuki ne, mai zuga, ko gan gan, kamar ana sara maka kai, ko muka muka, tashin zuciya. Da zan sake farawa, waɗannan zan haddace kafin kowace kalmar yayi.

A rubutu, musamman a LINE wanda kusan kowa a can da shi yake hira, dariya w ce, harafin farko na warai, wato dariya. In ta yi yawa sai www. Masu hira a dandalin 2channel, wanda aka buɗe a 1999, da masu sharhi a shafin bidiyo na Niconico suka ga jerin nan ya yi kama da ciyawa ta tsiro, sai suka koma rubuta kusa, wato ciyawa, har wasu matasa na faɗinta da baki. Ryōkai, "na ji", ta koma ryo, har ta koma ri. Alamar m(_ _)m mutum ne ya sunkuyar da kai tsakanin hannuwansa, godiya ko ban haƙuri. Emoi ta abin da ya sosa rai ce, kamar tsohon hoto ko faɗuwar rana a bakin kogi. Pien kuma ɗan kukan shagwaɓa ne, kamfanin ƙamus na Sanseido ya zaɓe ta a matsayin sabuwar kalmar shekarar 2020. Irin waɗannan saurin tsufa gare su, tun kafin in baro ƙasar na fara jin yara na cewa pien ta kwana biyu. Ka bari sai ka ga abokan ajinka na rubuta abu sannan ka rubuta.

Tarko ɗaya da nake roƙon kada ka faɗa: kawaii kyakkyawa ce, kowai abin tsoro, kawaisō kuma abin tausayi. In aka nuna maka hoton jariri, ka buɗe baki sosai a kan "ka" ɗin, ka ja wasalin ƙarshe, kuma kada ka liƙa mata sō.

Ba ka faɗi garin da za ka ba. Ka sanar da ni, domin meccha ɗin Osaka a Fukuoka bari ce, a Nagoya dera, a Hokkaido namara, kuma babu abin da ke saurin sa su sake da baƙo kamar su ji kalmar garinsu a bakinsa. Allah ya kai ka lafiya, ya ba da abin da aka je nema.