Amsa ga ƙanena mai son zuwa karatu Malesiya

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka shi ne na huɗu da na samu daga gida a wannan wata, kuma dukanku magana ɗaya kuke yi, cewa tunda Malesiya ƙasar Musulmi ce mai sarakuna irin namu, ai zama a cikinta kamar zaman gida ne. Da wannan zato ni ma na sauka a Kuala Lumpur shekara bakwai da suka wuce, saboda haka ba zan yi maka dariya ba.

Akwai kama, ban musa ba. Ingila ce ta mulke su, kuma tun daga yarjejeniyar Pangkor ta 1874 take ajiye Razdan kusa da sarki, kamar yadda ta yi mana a Arewa daga baya; Hugh Clifford ma, wanda ya yi Gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, ya taɓa zama Razdan a jihar Pahang. Sun samu 'yancin kai ranar 31 ga Agusta 1957. Sarakunansu tara suna karɓa-karɓa, duk shekara biyar ɗayansu ya zama Sarkin ƙasa, kuma Sarkin ne ya naɗa Anwar Ibrahim Firaminista a 2022 da zaɓe bai ba kowace jam'iyya rinjaye ba.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne a kan ƙabila aka gina hukumomin ƙasar. A zamanin Turawa Sinawa suka kwararo haƙar kuza, Indiyawa kuma aikin gonakin roba, shi ya sa sashe na 153 na tsarin mulki ya ba Malayawa matsayi na musamman. Bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 da aka zubar da jini a Kuala Lumpur, gwamnati ta fito da sabon tsarin tattalin arziki a 1971, wanda ya fifita bumiputera, wato 'ya'yan ƙasa na asali, wajen gurbin jami'a, aikin gwamnati, kwangila, har da rangwamen sayen gida. Basinen da aka haifi kakansa a Penang ba ya cikin wannan layi, balle kai da ka zo jiya da akwati.

A masallaci za a ja ka cikin sahu, a yi maka fara'a. Amma da na fita neman ɗaki, sau uku dillali yana amince mini ta waya, da ya ga fuskata sai ya ce an riga an kama. Akwai shekarar da fasfona ya yi kusan wata uku a wani ofishi wajen sabunta biza, ina yawo da wasiƙar makaranta a aljihu, gabana na faɗuwa duk inda na hango shingen 'yan sanda, kuma a tsakanin nan Kawu ya rasu ban samu zuwa gaisuwa ba. Har yau abin yana cina.

Na san bakinka a Facebook, don haka ka ji da kyau: dokar hana tunzura jama'a da Turawa suka kafa a 1948 tana nan da ranta, kuma ƙabila da addini da sarauta ba abin wasa ba ne a nan. Harkar addini a hannun jihohi take, ko karantarwa ba ka da ikon yi a masallaci sai da takardar izini, komai iliminka. Batun aiki kuwa, awa 20 a mako aka yarje wa ɗalibi, shi ma lokacin hutu kawai, saboda haka kada ka sa ran kuɗin makaranta daga nan.

Duk da haka hukumominsu suna aiki. A 2018 masu zaɓe suka kayar da ƙawancen jam'iyyun da ya riƙe mulki tun samun 'yanci, a 2022 kuma tsohon Firaminista Najib Razak ya shiga kurkuku kan badaƙalar kuɗin 1MDB, wani asusun zuba jari na gwamnati. A ƙasar nan na kammala digirina na uku, da gumina, ba tare da yajin aiki ya ci mini ko mako ɗaya ba.

Idan Baba ya tabbatar kuɗin shekara biyu suna hannu, ka turo mini takardunka in duba. Ka gaishe da Inna.